Bagadi a Tsakiyar Jama'a: Sharhi Kan Babbar Majami'ar Katolika ta Liverpool

Kujera guda ɗaya ce ke raba babbar majami'a da sauran majami'u a ɗarikar Katolika. Sunan katidiral da ake kiran irin wannan gini da shi ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin kujera, wato mazaunin bishop, inda yake zama ya yi koyarwa, ya naɗa sababbin limamai, ya kuma shugabanci dukan ikilisiyoyin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka kowace babbar majami'a tana ɗauke da kaya biyu a ka. A ranakun manyan bukukuwa ita ce uwa ga ɗaukacin dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, dole ta ɗauki dubban mutane lokaci guda. A sauran ranakun shekara kuwa cocin unguwa ce kamar kowace, inda ake yi wa jarirai baftisma, ake ɗaura aure, ake yi wa mamata addu'ar bankwana, tsofaffi kuma su zo sujadar safe. Yadda mai zanen gini ya daidaita waɗannan kaya biyu shi ne ma'aunin da ya kamata a auna aikinsa da shi, kuma da wuya a sami ginin zamani da ya fito da wannan matsala fili kamar Babbar Majami'ar Almasihu Sarki da ke birnin Liverpool na ƙasar Ingila.

Mabiya Katolika sun yawaita a Liverpool ne sakamakon yunwar da ta afka wa Ailan tsakanin 1845 da 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako teku suka sauka a tashar jiragen ruwan birnin. An kafa dayosis ɗin Liverpool a 1850, bayan shekara uku kuma aka ba Edward Welby Pugin aikin zana babbar majami'a a unguwar Everton, amma ɗaki ɗaya kacal aka iya ginawa, domin kuɗin da ake da shi ya tafi wajen makarantu da gidajen marayu. Yunƙuri na biyu ya zo a 1930, sa'ad da aka sayi filin tsohon gidan gajiyayyu na Brownlow Hill, aka kuma kira Edwin Lutyens, wanda ya tsara babban ɓangare na birnin New Delhi. Abin da Lutyens ya zana ya wuce misali: gini na jan bulo da dutse mai ƙubba da faɗinta ya kai kimanin mita 51, alhali ta majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Rum ba ta wuce kimanin mita 42 ba. An aza harsashi ranar 5 ga Yuni, 1933, Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin a 1941, kuma kafin ƙura ta lafa kuɗin da aka ƙiyasta ya tashi daga fam miliyan 3 zuwa fam miliyan 27. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kawai aka kammala, a 1958.

Wanda ya sauka cikin waɗannan ɗakuna a yau zai ɗanɗani abin da aka yi niyya. Bakunan rufin na bulo ne mai duhu, bangon kuma mai kauri ne ƙwarai, domin an gina shi ne ya ɗauki nauyin dutsen da bai taɓa hawa kansa ba. A ƙofar ɗakin da aka binne wasu daga cikin manyan bishop-bishop na birnin akwai wani faifan marmara mai nauyin tan shida, wanda ake mirginawa gefe a buɗe, a sake mirgino shi a rufe, don tunawa da dutsen da Linjila ta ce an rufe kabarin Yesu da shi. Komai a nan yana magana ne da harshen nauyi da dawwama. A bisa rufin wannan wuri da filin da ke gefensa aka kafa gini na biyu, wanda ya saɓa masa ta kusan kowace fuska.

Akbishop John Heenan, wanda ya karɓi ragamar dayosis ɗin a 1957, ya ga cewa jiran Lutyens jiran gawon shanu ne, sai ya buɗe gasa ga masu zanen gine-gine na duniya da sharuɗɗa masu tsauri. Ginin ya kammalu cikin shekara biyar, gangar jikinsa kada ta ci fiye da fam miliyan ɗaya, a haɗa shi da ɗakunan ƙasa da aka riga aka gina, sannan, wanda shi ne sharaɗi mafi nauyi, duk wanda ya zauna a ciki ya iya ganin bagadi, wato teburin da ake miƙa hadaya a kansa, sosai. Da farko an nemi wurin mutum 3,000, daga baya aka rage zuwa 2,000. Cikin zane kusan 300 da aka aiko, na Frederick Gibberd ne ya yi nasara a 1960. An fara aiki a watan Oktoba na 1962, watan da Babban Taron Vatican na Biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ya buɗe a Rum, aka kuma keɓe majami'ar ranar Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, 14 ga Mayu, 1967.

Domin a fahimci sharaɗin ganin bagadi, sai an tuna yadda tsofaffin majami'un Turai suke. Yawancinsu dogaye ne masu siffar gicciye, bagadi yana can ƙurya jingine da bangon gabas, limami yana fuskantarsa tare da jama'a, yana karatu da Latin cikin murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma da shinge tsakaninsa da su. Wanda ya zauna a baya yakan ji ƙararrawa ne ya san an kai wuri mafi tsarki na sujadar, sauran lokacin kuwa yana jan carbinsa shi kaɗai. Tun farkon ƙarni na ashirin wasu malaman coci a Beljiyam da Jamus da Faransa suka fara cewa wannan tsari ya mayar da jama'a 'yan kallo a ibadar da tasu ce, har aka soma gina ƙananan majami'u masu zagaye a Jamus tun shekarun 1930. Taron Vatican, wanda ya gudana daga 1962 zuwa 1965, ya ɗauki wannan ra'ayi ya ba shi ƙarfin doka: kundinsa kan sujada, wanda aka fitar ranar 4 ga Disamba, 1963, ya nemi jama'a su shiga ibada da cikakken sani da himma, ya kuma buɗe ƙofa ga harsunan gida, sannan wani umarni na 1964 ya so a janye bagadi daga bango yadda limami zai iya kewaya shi ya fuskanci mutane. Abin lura shi ne zanen Gibberd ya riga waɗannan dokoki da shekara uku zuwa huɗu. Ana yawan cewa ginin ɗan Taron Vatican ne, amma a gaskiya sa'anni ne da suka sha daga rijiya ɗaya.

Amsar da Gibberd ya bayar mai sauƙi ce har ta kusa zama lissafi. Ya ajiye bagadi a tsakiya, ya zana da'ira mai faɗin kimanin mita 59 kewaye da shi, wanda ke nufin ko na can bakin bango bai kai mita 30 daga wurin da ake miƙa hadaya ba. Haƙarƙari goma sha shida na kankare suka tashi daga ƙasa suka karkata ciki kamar sandunan tanti, zobba biyu na kankare suka ɗaure su, ɗaya a kafaɗar ginin ɗaya a wuyansa, daga nan kuma hasumiyar gilashi ta miƙe sama da kambi mai tsinaye a kanta, daidai saitin bagadin. A tsakanin haƙarƙarin aka jera ƙananan ɗakunan addu'a goma sha uku da wurin baftisma da ƙofofi, kowanne da siffarsa. Mutanen gari, da ba su rasa bakin zolaya, suka laƙaba masa suna mai ma'anar bukkar ɗan Ailan, sunan da ya fara da ba'a ya ƙare da ƙauna. Masu nazarin gine-gine kuma sukan kwatanta shi da babbar majami'ar Brasilia ta ƙasar Brazil, wadda Oscar Niemeyer ya zana, aka aza harsashinta a 1958, ita ma mai zagaye ce bisa ginshiƙai goma sha shida.

A ganina, abin da ya ceci wannan gini daga zama babban zauren taro kawai shi ne haske. Mai shiga yakan bi ta ƙarƙashin wani tsayayyen bango mai ɗauke da ƙararrawa huɗu da aka sa wa sunayen Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, ya ratsa soro mai ƙarancin haske, sannan ya faɗa cikin wani shuɗi mai zurfi da ke zubowa daga siraran tagogin da suka zagaye kowane ɗakin addu'a. Ido yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba, kuma yana sabawa sai ya sami kansa yana hawa sama bisa layin haƙarƙarin har zuwa hasumiyar, inda John Piper da Patrick Reyntiens suka shimfiɗa gilashi mai launi kewaye da ita baki ɗaya. Babu hoton mutum ko na mala'ika a ciki. Launuka ne ke narkewa cikin juna, da wurare uku masu tsananin haske, rawaya da shuɗi da ja, waɗanda ke nuni ga akidar Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da yake hasumiyar tana karɓar rana ta kowace kusurwa, launin da ke sauka a kan farin marmaran bagadin da safe daban yake da na la'asar, kuma a ranar da hadari ya rufe sama, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, dukan zauren yakan koma kamar ƙarƙashin ruwa. Tsofaffin tagogin majami'u littafi ne ga wanda bai iya karatu ba, suna ba shi labarin annabawa da waliyyai hoto bayan hoto. Piper da Reyntiens sun rubuta wa jama'ar da ta riga ta iya karatu, saboda haka suka bar labari suka kama yanayi.

Sauran ayyukan fasahar ba su kai wannan matsayi duka ba, ko da yake akwai masu kyau a cikinsu. Bagadin dunƙulen farin marmara ne mai tsawon mita uku da aka sassaƙo daga kusa da Skopje a ƙasar da a yau ake kira Masedoniya ta Arewa, a samansa kuma an rataye wata rumfa ta sandunan ƙarfe mai kama da rawanin ƙaya, wadda ke ɗauke da fitilu da lasifika. Siririn gicciyen tagulla na Elisabeth Frink ne, an yi shi siriri da gangan don kada ya tare wa kowa gani. Ɗakin da ake ajiye Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a sujada, aikin Ceri Richards ne, mai rawaya da shuɗi da fari, ɗakin Budurwa Maryamu kuma an ba shi launuka masu taushi da Margaret Traherne ta tsara, tashoshin Hanyar Gicciye na tagulla kuwa, masu nuna tafiyar Yesu zuwa gicciye, Sean Rice ne ya ƙera su daga baya. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne manyan kyallaye masu ado da aka rataya a jikin kankaren, waɗanda wata sista da mata masu aikin sa kai suka ɗinka a ɗakin sana'ar majami'ar cikin shekaru masu yawa. Mai zane ya bar bangon tsirara bisa aƙidar zamaninsa cewa kankare ya isa ado da kansa, masu ibada kuma suka zauna da shi suka ji sanyinsa, suka yi masa sutura. Wannan gyara ne da jama'a suka yi wa gwani ba tare da sun ce masa uffan ba.

Da'irar kanta ma ta zo da nata cikas, wanda ba a gani a takarda. Mutum fuska ɗaya gare shi, don haka limamin da ya tsaya a tsakiyar zobe dole ya juya wa wasu baya, mai wa'azi kuma ba shi da inda zai tsaya ya haɗa ido da kowa. Kujerar bishop, wadda ita ce dalilin ginin tun farko, ba ta da wani mazauni da siffar ginin ta tanadar mata kamar yadda ƙuryar tsohuwar majami'a ke yi. Jerin gwanon limamai da ke buƙatar doguwar hanya yakan iske tafiyar ta ƙare tun ba a gama baitin farko na waƙa ba. Sannan faffaɗan rufin mai siffar mazurari yana riƙe sauti ya daɗe yana yawo, abin da ke ƙara wa waƙar mawaƙa da kiɗan ogan armashi amma ya cakuɗa kalmomin mai magana. A aikace an warware matsalar ne ta hanyar karya da'irar a ɓoye: an bar bayan bagadi ga mawaƙa da ogan, jama'a suka zauna a gaba da gefuna biyu, sai ga shi ginin da aka zana ba gaba ba baya ya sami gaba da baya. Waɗanda suka zo daga baya sun koyi darasi. Babbar majami'ar Clifton da ke Bristol, wadda aka buɗe a 1973, ta ja bagadin gefe ɗaya ta shimfiɗa kujeru kamar mafici a gabansa, ta Los Angeles a Amurka kuma, wadda Rafael Moneo ya zana aka buɗe a 2002, ta koma ga dogon zaure, ta jera hotunan waliyyai 135 a kan saƙaƙƙun kyallaye na John Nava, dukansu suna fuskantar bagadi tare da masu sujada.

Gaggawa da arha su ma sun karɓi nasu haraji. Ba a daɗe da buɗewa ba rufin alminiyom ya fara yoyo, ƙananan duwatsun ado da aka manna wa haƙarƙarin suka riƙa ɓamɓarowa, har hukumar dayosis ta kai ƙarar Gibberd tana neman diyyar fam miliyan 1.3. A shekarun 1990 sai da aka yi wa ginin gyara na gaske, aka sauya rufin da ƙarfen da ba ya tsatsa, aka lulluɓe haƙarƙarin da wani abu mai jure ruwa, matakalar gaba kuma da Gibberd ya zana tun farko ba a gina ta ba sai 2003, bayan an rushe wani gini da ya tare hanya. Ba Liverpool kaɗai ta sha wannan ba, domin gine-gine da yawa na wancan zamani an yi su ne da kayan da ba a taɓa gwada su shekara hamsin a ƙarƙashin ruwan sama ba. Bulon Lutyens da ke ƙasa, wanda aka guje wa saboda tsada, bai ba da irin wannan wahala ba.

Sai dai babbar jarrabawar da ginin ya fuskanta ba daga sama ta zo ba, daga unguwa ta zo. A daidai shekarun da ake gina majami'ar, hukumomin birnin suna rushe tsofaffin gidajen talakawa na tsakiyar gari suna kwashe mazaunansu zuwa sababbin garuruwa irin su Kirkby da Skelmersdale, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kwashe jikokin 'yan Ailan ɗin nan ne da suka tara kuɗin ginin kobo-kobo, waɗanda ake rubuta sunayen masu bayarwa da na mamatansu a wani kundi da ake kira Littafin Zinariya. Yawan mutanen Liverpool ya faɗo daga sama da 800,000 a 1931 zuwa ƙasa da 500,000 a ƙarshen ƙarnin, zuwa coci ranar Lahadi kuma ya ragu a duk faɗin ƙasar. Majami'ar da aka auna da mutum 2,000 ta wayi gari maƙwabtanta su ne jami'a da asibitoci da ofisoshi. Ikilisiyarta ta yau haɗin gambiza ce: ɗalibai da ke zuwa su tafi bayan shekara uku, ma'aikatan jinya da iyalai da suka zo daga Indiya da Filifin da Folan da ƙasashen Afirka, tsofaffin da suka ƙaura amma suke dawowa saboda sabo ko saboda waƙa, da baƙi masu yawon buɗe ido da ke tsaye a baya da wayoyinsu. Limamin da ke kula da harkokin yau da kullum a madadin akbishop aikinsa ya bambanta da na limamin ƙauye, wanda ya san kakan kowa. Shi kullum yana gina jama'a ne daga mutanen da hanya ta haɗa.

Riƙe irin wannan gini kuma sai da dabara, domin a Ingila gwamnati ba ta karɓar wa coci haraji kamar yadda ake yi a Jamus. Shiga babban zauren kyauta ne, amma wutar lantarki da ɗumama ɗaki da albashin ma'aikata da horar da mawaƙa yara maza da mata duk kuɗi suke ci. Saboda haka ɗakunan Lutyens na ƙasa suka zama masu ciyar da na sama: ana ba da hayarsu don jarrabawar ɗalibai da tarurruka da kiɗe-kiɗe, har da bikin baje kolin giya da aka daɗe ana yi a wurin shekara-shekara, abin da wasu masu ibada ba su taɓa sakin jiki da shi ba. A ƙarƙashin dandamalin kuma akwai wurin ajiye motoci da Gibberd ya sa a zanensa tun farko, alamar cewa ya hango masu sujadar da za su riƙa zuwa daga nesa.

Akwai ranakun da faɗin zauren ke biyan bashinsa. A Makon Tsarki, lokacin da akbishop ke tsarkake man shafewa da za a raba wa dukan ikilisiyoyi, limaman dayosis kan kewaye bagadin sahu-sahu, a nan ne da'irar ke yin ainihin abin da aka zana ta domin shi. Titin Hope, wanda ya ɗauki sunansa daga wani ɗan kasuwa mai suna William Hope ko da yake ma'anar kalmar, wato bege, ta dace da wurin, ya haɗa wannan majami'a da ta Anglika da ke ɗaya ƙarshen, wadda aka fara a 1904 aka gama a 1978, kuma wani abin mamaki shi ne mai zanenta, Giles Gilbert Scott, ɗan Katolika ne, Lutyens kuwa ɗan Anglika. A birnin da ya daɗe yana fama da gaba tsakanin ɗarikun biyu, Akbishop Derek Worlock da Bishop David Sheppard sun shafe kusan shekara ashirin suna fitowa tare a kan matsalar rashin aikin yi da gidaje, musamman bayan tarzomar Toxteth ta 1981, kuma ranar Fentikos, 30 ga Mayu, 1982, Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci majami'un biyu ɗaya bayan ɗaya. Washegarin turmutsitsin filin ƙwallon ƙafa na Hillsborough da ke birnin Sheffield, wanda ya auku ranar 15 ga Afrilu, 1989, ya kuma yi sanadin mutuwar magoya bayan ƙungiyar Liverpool 97, jama'a sun cika zauren sun malala har dandamalin waje, inda Gibberd ya tanadi bagadi na fili a kan rufin ɗakunan Lutyens, kuma ba a tambayi kowa ɗarikarsa a bakin ƙofa ba.

Irin waɗannan ranaku ba su da yawa a shekara. A ranar aiki ta yau da kullum ba a babban bagadin ake sujada ba, a ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan ake yi, inda mutane kaɗan kan zauna kusa da juna a ƙarƙashin gilashin Ceri Richards, limami yana jin amsawar kowannensu ba tare da lasifika ba, a bayansu kuma kujeru 2,000 suna jere babu kowa, hasken hasumiya yana tafiya a kansu sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.